Yadda Ake Gyara Ekran ɗin Kwamfuta a Gida Kafin a Yanke Masa Hukuncin Mutuwa

A Garwa da Marwa, da ma Kuseri da Injamena, na lura cewa babu lokacin da allon kwamfuta, wanda muka fi sani da ekran, ya fi yawan ba mutane matsala kamar watannin Maris, Afrilu da Mayu. A wannan lokaci zafi yana haura digiri 40 a inuwa, ƙurar da hunturu ya bari tana nan cunkushe a cikin na'urori, ruwan madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, wadda arewacin Kamaru ya dogara da wutarta tun shekarun 1980, ya ja baya, wuta tana zuwa tana ɗaukewa, masu shaguna kuma suna tayar da gurup, wato janareta. Mutum zai zo da safe ya danna maɓalli ya ga baƙi ƙirin, sai ya ce ekran ya ƙone, ya ajiye shi a kan kabad ya tafi neman wani a wurin masu sayar da kayan burokant, wato kayan gwanjo. Abin yana damuna ƙwarai, domin yawancin waɗanda na buɗe da hannuna gilashinsu lafiya lau yake, abin da ya lalace a ciki ƙanana ne waɗanda kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, wasu ma ba su da wata cuta sai waya da ta saki.

Bayanin nan ya shafi ekran mai faɗi marar kauri ne kawai. Tsohon nan mai ƙeya irin na talabijin ɗin da, kada wanda bai koyi aikin ba ya buɗe shi, saboda a cikinsa akwai wutar da ta haura bolt 20,000, kuma tana iya kwana a ciki bayan an zare shi daga bango. Haka nan idan ekran ɗinka sabo ne kuma wa'adin garantinsa bai ƙare ba, ka mayar da shi inda ka saya, domin da zarar ka kwance noti ɗaya ka zubar da haƙƙinka.

Matakin farko ba ya bukatar kayan aiki, ido kawai yake bukata. Ka kunna ekran ɗin ka dubi 'yar fitilar nan da ke kusa da maɓallin kunnawa. Idan ba ta kama ba sam, wuta ce ba ta shiga, ko kuma ta shiga ba ta wuce farantin wuta ba, wato allon da ke cikin ekran mai karɓar wutar bango ya rarraba ta. Idan ta kama da launin ruwan lemo, ko tana ƙyaftawa a hankali bayan an rubuto maka Pas de signal, ekran ɗin yana raye, hoto ne kawai bai iso masa daga kwamfuta ba. Idan kuwa ta kama shuɗiya ko koriya ko fara kamar yadda ta saba, amma fuskar ta zauna a duhu, hankalinka ya koma kan fitilar da ke haska gilashin ta baya. Ka kuma lura da abin da ke faruwa a daƙiƙun farko na kunnawa, ko sunan kamfanin yana bayyana ya ɓace, ko akwai wani siririn kuka da ke fitowa daga baya, ko ƙaurin ƙuna. Idan ka ji ƙauri, ka zare waya nan take, kada ka sake gwadawa sai ka buɗe.

Daga nan sai wayoyi, kuma ina roƙonka kada ka raina wannan mataki don ya yi sauƙi. Ka zare wayar wuta daga bayan ekran ka mayar da ita da ƙarfi har ta zauna, ka cire ta daga ralanj, wato wayar ƙarin tsawo mai ramuka da yawa, ka sa ta kai tsaye a firiz ɗin bango, wato soket, wanda ka tabbatar yana aiki. Ralanj masu araha da ke cika kasuwanninmu bakinsu yana buɗewa da zafi har ya daina kama fish, wato kan wayar da ake cusawa. Wayar wutar ekran mai baki uku iri ɗaya ce da ta akwatin kwamfuta, saboda haka kana iya musanya su ka gani. Sannan ka zare wayar hoto ta kowane ɓangare. Idan mai shuɗin kai ce, wato VGA, ka haska cikinta ka duba ƙananan alluran da ke jere layi uku, ka ga ko wata ta lanƙwashe ko ta nutse. Allurai uku na farko su ne ke ɗauke da ja da kore da shuɗi, shi ya sa launin da hoto ya rine yake gaya maka wadda ta yanke: idan komai ya koma ruwan ɗorawa, shuɗi ne ya ɓace, idan ya koma ruwan hoda mai duhu, kore ne, idan ya koma shuɗi-shuɗi mai haske kamar ruwan bula, ja ne. Allurar da ta lanƙwashe ana miƙe ta a hankali da bakin hantsaki, idan kuwa ta karye sai sabuwar waya. Wayar HDMI ba ta rine launi haka, ita hotonta yankewa yake yi ya dawo, ko ya riƙa tartsatsin ɗige-ɗige.

Kafin ka ɗora wa ekran laifi, ka raba gardama tsakaninsa da kwamfuta. Ka danna maɓallin Menu da ke jikinsa. Idan jerin saituna ya fito sarai, gilashi da fitila da farantin wuta duk suna aiki. Ka danna maɓallin zaɓen mashiga ka tabbatar yana sauraron ramin da ka sa waya a ciki, domin yara suna yawan taɓa shi. Ka jona shi da kwamfutar hannu ta wani, ka danna maɓallin Windows tare da harafin P ka zaɓi a nuna hoto a duka biyun, ko ka jona shi da dikodar talabijin idan yana da ramin HDMI. In hoto ya fito, matsalarka tana cikin akwatin kwamfuta, kuma sau da yawa a ƙasarmu ƙura ce ta shiga tsakanin katin RAM, wato katin ƙwaƙwalwar kwamfuta, da mazauninsa, a cire shi a goge haƙoransa a mayar. Akwatin da ke da katin hoto na daban yana da ramuka a wuri biyu, na sama da na ƙasa, kuma na ƙasan ne ake sa waya. Idan kuma saƙon da ke fitowa Hors plage ne, kwamfuta ce ke aiko da hoton da ya fi ƙarfin ekran ɗin, sai a jona wani ekran a mayar da saitin zuwa girman da ya dace da naka, kamar 1366 da 768 ko 1920 da 1080, a kan 60 Hz.

Wasu ekran, musamman na LG da Samsung na baya-bayan nan, ba su da farantin wuta a ciki, adafta suke amfani da ita irin cajar kwamfutar hannu. Mai irin wannan ya yi sa'a, domin sau da yawa gyaransa ba ya kaiwa ga buɗewa. Ka karanta takardar da ke manne a bayan ekran, za ka ga an rubuta 12V ko 14V ko 19V, da adadin amfiya a gefensa. Ka sa mita, wato na'urar auna wuta, a ma'aunin DC ka auna bakin adaftar. Idan ba ta ba da komai, ko lambar tana hawa tana sauka, ita ce ta mutu. Wadda za ka saya dole bolt ɗinta ya zama daidai da na takardar ba ƙari ba ragi, amfiyarta kuwa ta yi daidai ko ta fi, kuma ka duba ɗan zanen da ke nuna ko tsakiyar bakin ne ke ɗauke da alamar tarawa. Shigar baki cikin rami ba hujja ba ce, na ga ekran mai 12V da aka kashe da cajar 19V don kawai bakin ya shiga.

Idan fitilar maɓalli tana nuna komai daidai amma fuska duhu, ka rufe ƙofa da taga, ka bar kwamfuta a kunne, ka kunna tocilar wayarka ka manna ta kusa da gilashin a karkace. Ka duba da kyau ta gefen hasken. Idan ka hango inuwar gumakan Windows ko rubutu dishi-dishi, hoto yana nan, hasken baya ne ya mutu. Ekran da aka ƙera kafin wajejen 2010 yawanci siraran fitilu ne masu kama da neyon a cikinsu, waɗanda ake kira CCFL, na bayansu kuwa LED ne. A duka biyun, abin da ya fi yawan kashe hasken ba fitilar kanta ba ce, farantin da ke ba ta wuta ne. Alamomin da ke nuna haka sanannu ne: hoto ya fito na daƙiƙa biyu ya ɓace, ko ekran ya ƙi tashi da safe sai an yi ta dannawa har ya ɗumama, ko fitilar maɓalli ta riƙa ƙyaftawa da sauri tana wani ƙas-ƙas. Duk wanda ya ga ɗaya daga cikin waɗannan, lokacin buɗewa ya yi.

Ka tanadi turnabis, wato sukudireba, mai baki huɗu, tsohon katin roba irin na banki ko wanda ake ɓalle layin waya daga jikinsa, mita, ƙarfen narka dalma mai wat 30 zuwa 40, dalmar liƙi wadda masu gyara ke kira etan, famfon zuƙe dalma, ƙaramar filaya mai yanka, da busasshen burushin fenti. Ka shimfiɗa tawul mai laushi a kan tebur na katako. Ka zare wayar wuta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci, ka bar ekran ya huta kamar minti 15. Ka sa takalmi mai ƙasan roba, kada ka yi aiki a kan siminti mai danshi, ka cire zobe da agogo, kuma kada ka yi wannan aiki kai kaɗai a gida ko yara suna kewaye da tebur.

Ka kwantar da shi rub da ciki a kan tawul, ka kwance ƙafarsa da duk notin da ke baya, ka zuba su a murfin kwalba. Murfin baya ba noti kaɗai ke riƙe da shi ba, akwai haƙoran roba kewaye da bakin. Ka cusa katin a tsagar da ke tsakanin murfin gaba da na baya, ka fara daga ƙasa inda tabo ba zai fito ba, ka bi gefe a hankali kana jin haƙoran suna sakin juna ɗaya bayan ɗaya. Robar da ta sha zafin shekaru tana yin gautsi, haƙori ɗaya ko biyu za su iya karyewa, wannan ba ya hana murfi rufuwa. Abin da za ka kiyaye shi ne siririyar wayar da ke zuwa maɓallan gaba, kada ka fizge murfin. Da ka buɗe, kafin ka taɓa komai, ka ɗauki hoto da wayarka ta kowace kusurwa, domin anjima za ka manta wace waya ce ke shiga ina. A ƙarƙashin wani murfin ƙarfe za ka sami faranti biyu: ƙarami wanda ramukan VGA da HDMI ke jikinsa, shi ne farantin hoto, da babba wanda wayar bango ke shiga cikinsa, shi ne farantin wuta.

A nan ne nake so ka nutsu fiye da ko'ina. A kan farantin wuta akwai wani kondansata babba, wanda masu gyara ke taƙaitawa su ce kondo, mai siffar ƙaramin gwangwani, a tsaye ko a kwance, an rubuta 400V ko 450V a jikinsa. Wutar gidajenmu bolt 220 ce, amma bayan an miƙar da ita a cikin farantin tana taruwa a wannan kondo da ƙarfin kusan bolt 310, kuma yana iya riƙe ta bayan an zare waya. Ka ɗaga farantin ta gefunansa kawai, kada yatsanka ya taɓa ƙasansa. Ka sa mita a DC, a kan 600 ko 1000, ka ɗora bakunanta a ƙafafun kondon biyu, hannu ɗaya in zai yiwu. Idan akwai saura, ka sauke ta da rezistans, wato ɗan abin da ke rage gudun wuta, mai om 10,000 da wat 5, ka riƙe shi da filaya mai hannun roba ka haɗa ƙafafun biyu na daƙiƙa 10 zuwa 15, ko ka yi amfani da tsohon ƙwan fitila mai zare da aka ɗaura wa wayoyi biyu, za ka ga ya yi walƙiya ya mutu. Ka sake aunawa har sai ka ga lambar ta faɗo kusa da sifiri. Na san akwai masu haɗa ƙafafun da bakin turnabis su ji ƙarar tas, kuma ban yarda da wannan ba ko kaɗan, domin tartsatsin yana cin hanyoyin tagulla da ke jikin farantin, yana raunana kondon, yana kuma iya fantsama a ido.

Bayan ka share ƙura da burushi, ka kai farantin inda haske yake ka dubi ƙananan kondo da ke taruwa a ɗaya gefen, kusa da inda wayoyi ke fita zuwa farantin hoto. Lafiyayyen kondo kansa a shafe yake sumul, da 'yar tsaga mai kamar gicciye. Wanda ya mutu kansa yana kumbura kamar murfin gwangwanin tumatir da ya lalace, wani ya tsage ya fitar da abu mai ruwan ƙasa kamar tsatsa, wani kuma ta ƙasa yake turowa har ya karkace. Ka shafa yatsa a kansa, kumburin da ido bai gani ba yatsa yana ji. Dalilin mutuwarsu zafi ne: a cikinsu akwai ruwan sinadari da ke bushewa a hankali, kuma ƙa'idar da masu ƙera su ke bayarwa ita ce duk ƙarin digiri 10 yana rage rabin kwanansu. Wanda ya san yadda ɗakin kwano yake a Marwa da azahar a watan Afrilu ba zai yi mamakin yadda suke mutuwa da wuri a wurinmu ba.

Ka rubuta abin da ke jikin kowanne da wurin da yake zaune. Za ka ga lambobi biyu, misali 1000µF da 16V, ko 470µF da 25V, ko 680µF, ko 820µF. Lambar farko, wato mikrofarad, ka nemi daidai da ita. Ta biyun kana iya sa wadda ta fi, 25V a madadin 16V, muddin zai sami wurin zama, amma kada ka taɓa sa wadda ta gaza. Ka nace a ba ka mai rubutun 105°C, ba mai 85°C ba, kuma ka tambayi irin da ake sa wa farantin wuta, mai alamar Low ESR. Idan ka sami na Panasonic ko Nichicon ko Rubycon na gaske, ka saya ko da ya ɗan fi tsada. Shawarata ita ce ka canza duka ƙananan da ke wannan rukuni, har da waɗanda ba su kumbura ba, domin zafi ɗaya suka sha, kuma kondo yana iya bushewa ba tare da ya nuna a fuska ba. Akwai kuma wani ɗan mitsitsi, mai 22µF ko 47µF a kan 50V, kusa da babban kondon, wanda ke taimaka wa farantin tashi. Ba ya kumbura, amma shi ne sau da yawa ke sa ekran ya ƙi tashi da sanyin safiya. Na taɓa sayen wasu masu araha a wani shago, ko wata uku ba su yi ba suka kumbura, na sake buɗe ekran ɗin wani dattijo da ya amince da ni, kuma tun daga ranar nake ɗaukar tsohon in tafi da shi kasuwa in gwada nauyinsa da na sabon a tafin hannu, domin jabun yakan yi sakayau.

Wajen cirewa, ka juya farantin, ka ɗan ƙara sabuwar dalma a kan tsohuwar don ta narke da sauri, ka ɗumama ƙafa ɗaya ka karkata kondon, ka ɗumama ɗayar ka zare shi, sannan ka zuƙe dalmar da ta toshe ramukan. Kada ƙarfen ya wuce daƙiƙa uku ko huɗu a wuri ɗaya, in ba haka ba tagullar za ta ɓanɓaro. Kondo yana da gaba da baya: farin layin da ke gefensa shi ne ƙafar ragewa, kuma a sabo ita ce gajeriya. Ka dubi alamar tarawa da ke jikin farantin, ka kuma gwada da hoton da ka ɗauka, domin wanda aka sa a juye fashewa yake yi da zarar wuta ta shiga. Ka tura shi ya zauna daram, ka ɗora bakin ƙarfe ya taɓa ƙafa da tagulla tare, ka kawo dalma ta narke ta kwanta kamar ɗan tsauni mai sheƙi, ka yanke ragowar ƙafar. Tun da farantin yana hannunka, ka duba ƙafafun taransifoma da na ramin wayar wuta, in ka ga zobe mai kamar tsagewar gashi kewaye da wata ƙafa ka sake narka ta.

Idan ekran ɗin bai nuna alamar rai ba ko kaɗan, ka auna fis, wanda wasu ke kira fizibil, yana nan kusa da mashigar wuta, an rubuta wani abu kamar T2A ko T3.15A da 250V a gefensa. Mita a ma'aunin ƙara za ta yi kuka in yana da kyau. In ya yanke, ka sani cewa fis ba ya mutuwa haka kawai, ko dai wuta ce ta dawo da ƙarfi, ko tsawa a farkon damina, ko wani abu ya haɗe a gaba, galibi diyod huɗun nan da ke miƙar da wuta ko babban taransistan da ke manne da ƙarfen sanyaya. Ka auna su. In mita ta yi kuka ta kowane ɓangare ka juya bakunanta, sun haɗe. Kada ka ɗaure fis da zaren waya ko takardar sigari kamar yadda ake yi wa wasu na'urori, wannan hanya ce ta tayar da gobara. Dabarar masu gyara ita ce a liƙa ƙwan fitila mai zare na wat 60 a gurbin fis ɗin a kunna: in ya yi haske sau ɗaya ya dushe, hanya ta gyaru, sai a sa sabon fis mai lamba iri ɗaya, in ya tsaya da haske sosai, har yanzu akwai haɗewa. Wannan gwaji ana yin sa ne da wutar bango a faranti tsirara, don haka wanda hannunsa bai saba ba ya tsaya a nan, ya ɗauki farantin kaɗai ya kai wa mai gyaran talabijin, aikin zai fi masa araha tun da ya riga ya gano inda cutar take.

Akwai abubuwan da ba su gyaruwa a gida. Gilashin da ya fashe, ko ya yi tabo baƙi mai yaɗuwa kamar tawada, ya tafi ke nan. Siririn layi ɗaya mai launi da ya ratsa daga sama zuwa ƙasa, wanda yake nan ko an cire wayar hoto, daga jikin gilashin yake. Layuka masu yawa da ke rawa kuwa wani lokaci faffaɗar wayar da ke tsakanin farantin hoto da gilashi ce ta saki, a zare ta a mayar a hankali. Hasken da ke farawa ja-ja kafin ya yi fari alama ce ta tsufan fitilun CCFL, kuma canza su aiki ne mai wuya, suna da saurin karyewa, akwai sinadarin zaiba mai guba a cikinsu, wayoyinsu kuma suna ɗauke da ɗaruruwan bolt idan suna aiki.

Idan ka gama, ka mayar da faranti da murfin ƙarfen da duk notinsa, ka bi hoton ka jona kowace waya, ka ɗora murfin baya ba tare da ka danna haƙoran ba, sannan ka sa wuta kana tsaye gefe. In hoto ya fito, ka bar shi yana aiki kamar awa biyu, ka kashe ka kunna sau da yawa, ka kuma gwada shi washegari da sassafe kafin ka rufe gaba ɗaya. Gilashin ka goge shi da tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa da ruwa aka matse, kada ka fesa masa komai kai tsaye, domin ruwan yana gangarawa ya shiga ta ƙasan firam ya ci wayoyin gilashin. Ka matsar da shi daga jikin bango kamar faɗin tafin hannu don iska ta ratsa ramukan bayansa, ka rage haskensa zuwa rabi, wanda ya ishe ka a cikin ɗaki kuma yana rage zafin farantin, ka rufe shi da ƙyalle bayan ya huce ba yana kunne ba. Ka sa shi a bayan regilata, mai daidaita ƙarfin wuta, ko ondila, mai batirin da ke riƙe wuta idan an ɗauke, kuma duk sa'ad da aka ɗauke wuta, ko za a tayar da gurup, ko hadari ya haɗo, ka zare fish daga bango, ka jira wutar ta zauna na 'yan mintuna kafin ka mayar.